Injin Yankan Itace Ya Yi Nokin a Hannun Yaro: Wa Zai Biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mai sana'ar itacen girki ne a yankin Saminaka ta Jihar Kaduna. Ina sayen busassun itatuwa a hannun manoma, galibi marke da ƙirya da darbejiya, a sare, a faskara, in kai wa gidajen burodi da masu abincin sayarwa. Ina da injin yankan itace ƙirar Stihl a hannun wani yaro da ya shekara uku yana yi mini aiki da shi. Tsarinmu shi ne idan an sayar da itace a cire kuɗin saye da na fetur da mai da na mota, a ba shi kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. A watan jiya injin ya yi nokin a daji. Gaskiya kamar mako biyu kafin nan ya ce mini injin yana saurin zafi kuma ƙarfinsa ya ragu, na ce ya lallaɓa mu gama aikin da muka riga muka karɓi kuɗinsa. Na kai wa bakanike a shagonsa, ya buɗe ya ce fistin da ringi sun ƙone, wataƙila ba a zuba isasshen mai a fetur ba. Yaron ya rantse ya zuba. Na riƙe kasonsa na mota biyu don in yi gyara da shi. Bayan kwana biyar kuma bakaniken ya ce an shiga shagonsa an ɗauke kafiretar injin, na ɗauka ƙaddara ce ban ce masa komai ba. Shin riƙe kuɗin yaron ya halatta? Kuma tsarin rabonmu yana kan daidai?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, sana'arka tana da asali mai daraja, domin Bukhari ya ruwaito daga Zubairu ɗan Awwam cewa Annabi (SAW) ya ce ɗayanku ya ɗauki igiyarsa ya ɗauko ɗaurin itace a bayansa ya sayar, Allah ya kare mutuncinsa da shi, ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana shi. Sai dai a wannan al'amari da ka kawo, abin da ya bayyana gare ni shi ne ka juya hukuncin: ka kama wanda shari'a ta ɗauke shi amintacce, ka saki wanda ta ɗora wa lamuni.

Mu fara da yaron. Wanda ka miƙa wa kayan aikinka da yardarka don ya yi maka aiki da su, hannunsa hannun amana ne, kuma amintacce ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai da ɗayan abu biyu: ko ya yi ta'adi, wato ya aikata abin da ba a ba shi izininsa ba, ko ya yi sakaci, wato ya bar abin da masu sana'ar suka san dole ne a yi. Idan babu ɗayansu, asarar tana kan mai injin, domin wanda yake cin amfanin abu shi ne yake ɗaukar hasararsa, kamar yadda ya zo a hadisin Nana A'isha da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ko da ka shar'anta masa tun farko cewa duk abin da ya sami injin shi zai biya, mafi yawan malamai ba sa ganin ingancin wannan sharaɗi.

To mene ne sakaci a sha'anin wannan inji? Shari'a ba ta ƙayyade shi da nassi ba, ta mayar da shi ga al'adar masu sana'a da abin da maƙeran injin suka bayyana. Irin wannan inji ba shi da ma'ajin baƙin mai kamar na mota. Man da ke sa wa fistin da silinda santsi a cikin fetur ake gauraya shi, kuma kamfanin Stihl ya sa ma'aunin kashi 1 na mansa cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5. Wanda ya ɗura zallan fetur ya tayar da inji, cikin ɗan lokaci kaɗan zai kashe shi, kuma babu mai wannan aiki da zai ce bai san haka ba. Wannan sakaci ne bayyananne. Haka nan barin matatar iska ta toshe da garin katako kwana da kwanaki, da ci gaba da danna inji alhali sarƙa ta dakushe, wadda kowane mai yanka yake ganewa idan ya ga ta daina fitar da ɓarɓashi tana fitar da gari, da barin tankin man sarƙa ya bushe har ƙarfen da take zagayawa a kai ya ƙone. Wasa sarƙa da magagari da karkaɗe matata da auna mai aikin hannun yaro ne. Sayen fetur da mai da sarƙa da fulogi da kuma biyan bakanike suna kanka, in ba wata yarjejeniya ko sananniyar al'ada ce ta raba su ta wata hanya ba.

Amma ƙonewar fistin ita kaɗai ba ta tabbatar da cewa an rage mai ba. Tana iya faruwa saboda iska na kutsawa ta wata roba da ta tsufa, ko saitin kafireta da ya sa fetur ba ya isa, ko jabun mai da ya cika kasuwa, ko gurɓataccen fetur na bakin hanya, ko kuma tsufa kawai, tunda ka ce injin ya shekara uku yana cin marke da ƙirya, waɗanda duk mai itace ya san taurinsu. Bakanikenka da kansa cewa ya yi "wataƙila", kuma ba a cin dukiyar Musulmi da wataƙila. Ƙa'idar da Baihaƙi ya ruwaito daga Ibn Abbas ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Kai ne mai da'awar sakaci, ba ka kawo hujja ba, shi kuma ya riga ya rantse.

Akwai kuma jimla guda a cikin tambayarka wadda ka wuce ta da sauri, alhali ita ce mafi nauyi a wurina, kuma Allah ya saka maka da alheri da ba ka ɓoye ta ba. Yaron ya sanar da kai cewa injin yana zafi kuma ƙarfinsa ya ragu, kai kuma ka umarce shi ya ci gaba. Ma'aikacin da ya ga alamar matsala ya kai wa mai kaya labari ya sauke abin da ke wuyansa. Aikin da ya yi bayan nan da izininka ya yi shi, kuma abin da ya haifu daga aikin da aka yi izininsa ba a lamuncewa. Kai ka auna tsakanin tsayar da aiki da cika alkawarin masu burodi, ka zaɓi na biyu, kuma ba na zarginka a kan haka, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu ƙananan sana'o'i da yawa lallaɓa injinansu suke yi. Sai dai wanda ya yi zaɓin shi ne zai ɗauki sakamakonsa.

Saboda haka riƙe kasonsa bai halatta ba. Kason nan haƙƙi ne tabbatacce na aikin da ya riga ya yi, abin da kake nema a wurinsa kuwa zato ne da bai tabbata ba, kuma ba a biyan zato da tabbas. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci ne. Ka mayar masa da kuɗinsa na mota biyun nan ba tare da ɓata lokaci ba.

Idan har zuciyarka ba ta natsu ba, ƙofar bincike a buɗe take. Ku kai silinda da fistin ga bakanikai biyu amintattu waɗanda ba su da wata maslaha a cikin rigimar, a gaban yaron, a duba yanayin ƙujewar da ke jikinsu, a duba robobin da matatar, a kuma duba ragowar fetur ɗin tanki idan ba a zubar ba, domin gaurayayyen fetur yana da launi da santsin da zallansa ba shi da su. Idan suka yi shaida a fili cewa zallan fetur aka ɗura, to lamuni ya hau kansa, domin izinin da ka ba shi na ci gaba da aiki bai haɗa da barin mai ba. Ko a nan ma abin da zai biya shi ne gwargwadon abin da ɓarnarsa ta rage wa injin a kan darajarsa ta ranar, ba kuɗin sabon inji ba, kuma ba za a ɗora masa dukan farashin sabon fistin a madadin wanda ya riga ya ci shekara uku yana aiki ba. Idan masana suka ga laifin ya rabu tsakanin sakacinsa da jinkirinka, ku yi sulhu a kan wani kaso da dattawan sana'arku za su ga ya yi adalci.

Shi kuwa bakanike, hukuncinsa daban ne a mazhabar Imam Malik. Mai sana'ar hannu da ya kafa kansa yana karɓar aikin jama'a, kamar tela da marini da maƙeri, kuma bakanike yana cikinsu, yana lamunce abin da ya karɓa ya keɓanta da shi a shagonsa, ko da lada yake aikin ko kyauta. Ibn Abi Zaid ya faɗi haka a sarari a cikin Risala, littafin da ɗalibanmu suke karantawa a zaure. Asali shi ma amintacce ne, amma aka fitar da shi daga wannan asali saboda maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun kai masa kayansu, kuma ba sa nan lokacin da yake aiki. Da za a riƙa gaskata shi duk lokacin da ya ce an sace, da dukiyar mutane ta salwanta. An ruwaito daga Sayyidina Ali cewa ya ɗora wa masu sana'a lamuni, ya ce babu abin da zai gyara mutane sai haka. Abin da zai kuɓutar da shi shi ne ya kawo shaidu cewa kayan sun salwanta ba da sakacinsa ba, kamar a ce maƙwabta sun ga an fasa ƙofar da ya kulle, ko kuma a ce a gidanka ya yi aikin, ko kana zaune a gabansa. Faɗarsa kawai cewa an shiga shago ba ta isa ba. Kana da damar ka nemi ƙimar kafiretarka ta ranar da ka miƙa masa injin. Idan ka zaɓi ka yafe masa, sadaka ce kuma kana da ladanta, amma ka sani haƙƙinka ka bari da son ranka. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka yafe wa bakanike sannan ka cike giɓin daga aljihun yaro.

Game da tsarin rabonku, malamai sun yi saɓani. Abin da ya shahara a Malikiyya shi ne dole ladan aiki ya zama sananne tun lokacin ƙulla yarjejeniya, kuma kaso daga kuɗin da ba a san nawa za a sayar ba lada ne da ba a sani ba. Sun bambanta tsakanin kason kuɗi da kason kaya: Shaihu Khalil a cikin Mukhtasar ya hana a ce wa mutum ya yi aiki da dabbar wani a raba kuɗin da aka samu, amma ya halatta a ba da ita a kan rabin itacen da za a ɗauko a kanta, kuma masu sharhi suka ce da sharaɗin an san gwargwadonsa ta al'ada ko ta ambato. Imam Ahmad kuwa ya halatta a ba mutum dabba ko kayan aiki a kan kaso na abin da Allah ya hore, yana kallon hakan a matsayin tarayya irin ta noman raba-daidai, kuma Ibn Taimiyya ya ƙarfafi wannan ra'ayi. Ni ina ganin maganar Imam Ahmad tana da ƙarfi, kuma a kanta mu'amalar mutanenmu take gudana, don haka ba zan ce shekarunku uku sun tafi a kan ɓatacciyar yarjejeniya ba, matuƙar kason sananne ne kuma abubuwan da ake cirewa kafin rabo sanannu ne gare ku duka. Idan kana son fita daga saɓanin gaba ɗaya, ka yanka masa lada sananne a kan kowace mota, ko ka ware masa sulusin itacen kansa, ya sayar maka ko ya sayar wa wani.

Lura da cewa a jerin abubuwan da kuke cirewa ba ka ambaci gyaran inji ba, kuma daga nan rigimar ta samo tushe. Kafin injin ya koma daji ku zauna da shaidu biyu ku rubuta wanda zai sayi mai da irin man da za a saya da ma'aunin da za a zuba, da wanda zai sayi sarƙa idan ta ƙare, da cewa duk ranar da ya kawo rahoton matsala a ajiye injin har bakanike ya duba. Idan kuna so ku riƙa ware wani abu sananne daga kowace mota domin gyara kafin a yi rabo, hakan ya halatta da yardarsa, daga ranar da kuka amince zuwa gaba, ba a kan motoci biyun da suka wuce ba.

Allah ne Mafi sani.