Furen teku dabba ne mai tafiya: yadda za a kare shi daga famfon tanki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne da na yi ritaya na dawo ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Ringim, kuma na taho da tankin kifin ruwan gishiri mai cin lita 200 wanda na fara kiwo tun ina Legas. Wata biyu da suka wuce aka kawo mini furen teku guda ɗaya saboda kifayena biyu masu ruwan lemo da ratsin fari. Shekaranjiya da asuba na tarar ya bar dutsen da na ajiye shi ya hau gilashi, tsakaninsa da famfon da ke kaɗa ruwa bai fi tafin hannu ba. Wanda ya sayar mini ya ce fure ba ya tafiya, ruwa ne ya ture shi, don haka in manna shi da gam, ko in riƙa kashe famfon da dare, tunda dama batirin solata ba ya kai ni asuba. Hankalina a tashe yake. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kana da gaskiya da hankalinka ya tashi, domin tazarar tafin hannu tafiyar dare ɗaya ce a wurin wannan halitta. Kafin komai, ka cire famfon daga wannan gefe ka mayar da shi ɗaya ɓangaren tankin yau ɗin nan, ka bar shi yana aiki, kuma kada ka yi amfani da ko ɗaya daga cikin shawarwari biyun da aka ba ka.

Maganar cewa fure ba ya tafiya ita ce ta fi damuna, saboda ba na iya ƙirga sau nawa na ji ta daga bakin masu sayarwa, kuma kusan duk asarar da ake kawo mini kukanta daga nan take farawa. Sunan da muke kiransa da shi ne yake yaudarar mutane. Furen teku, wato anemoni, ba tsiro ba ne, ba shi da saiwa. Dabba ne, ɗan'uwan murjani mai rai da ke cikin teku, yana da baki a tsakiyarsa, yana cin nama, kuma abin da yake kama dutse da shi ƙafa ce mai tsoka wadda yake iya saki duk lokacin da ya ga dama. Yana jan jiki sannu a hankali ta yadda ido ba ya gani, wani lokaci kuma yakan saki dutsen gaba ɗaya ya kumbura da ruwa ya bar igiyar ruwa ta ɗauke shi. A teku wannan dabara ce ta neman wuri mafi kyau. A cikin tanki kuwa, duk abin da ya saki jiki a ruwa ƙarshensa bakin famfo, domin can ruwan yake komawa.

Mutumin da ya karɓi kuɗinka ya miƙa maka rai, amma bai san ko dabba ya sayar ko tsiro ba, bai kamata ya buɗe baki ya ba da shawara ba. Na san inda ya samo zancen gam. Masu kiwon murjani suna manna gutsuren murjani mai tauri a kan dutse, kuma hakan daidai ne, saboda yana da ƙashi na farar ƙasa da gam zai kama. Furen teku ba shi da ƙashi ko kaɗan, jikinsa tsoka ce da ruwa da yauƙi. Idan gam ɗin bai kama ba ka ƙona masa ƙafa a banza, idan kuma ya kama, zai yi ta ja har ya yaga kansa, kuma raunin ƙafa na daga cikin raunukan da ke kai shi ga ruɓewa. Haka nan ɗaure shi da zare ko danne shi da dutse, duk azaba ce ga abin da aka ba ka amanarsa.

Kashe famfo da dare ya fi gam haɗari, duk da cewa a kunne kamar hankali ne. Da dare ƙananan algae, wato halittu masu kama da gansakuka, da ke zaune a jikin furen, waɗanda ke samar masa abinci da haske, sukan daina fitar da oksijin, su ma su koma shaƙa kamar kifi da ƙwayoyin halittar da ke cikin duwatsu. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ga shi kuwa ka san yadda ɗaki yake a Jigawa cikin Afrilu da Mayu. Idan ruwa ya tsaya cik, furen zai ji wurin bai yi masa ba, ya tashi yawo. Ya isa famfon da ke kashe, ya same shi wuri mai sauƙin kamawa, ya zura yatsunsa cikin ragar bakinsa. Da hantsi rana ta bugi farantin sola, wuta ta dawo, farfela ta juya. Wato shawarar da aka ba ka ita ce take haɗa hatsarin da kake gudu. Na taɓa zuwa duba tankin da haka ta faru: ruwan ya yi fari kamar an zuba tsala, gutsattsarin nama na yawo a ciki, kifaye suna sama suna haki, ga wani ƙarni da ba a mantawa. Ƙwayoyin harbin da ke jikinsa sun watsu ko'ina, naman ya fara ruɓa, amoniya, gubar da ruɓa ke fitarwa, ta hau, kuma a lita 200 babu yalwar ruwan da zai shanye wannan.

Maganin gaskiya shi ne a yi wa famfon keji. Ka samo ƙaramin kwandon roba mai ƙananan huji, ko ragar roba mai ƙwari, ka kewaye famfon da ita ta yadda za a sami tazarar kamar yatsa biyu tsakanin ragar da jikin famfon, ka ɗaure da maɗaurin roba. Wannan tazara ita ce sirrin, domin idan ragar ta manne da famfo ƙarfin zuƙar yana nan a wuri ɗaya, amma idan kejin ya fi famfon girma zuƙar takan rarrabu ta yi rauni, har furen ya iya taɓawa ya janye. Akwai kuma soso mai manyan ƙofofi da ake yi musamman don sanya wa irin wannan famfo. Yana aiki, amma yana toshewa da datti ya rage gudun ruwa, don haka sai an wanke shi duk mako. Ka duba bakin matatar ruwa da duk wata kafa da ke zuƙa, su ma a rufe su haka.

A nan zan ja kunnenka sosai, domin abin da ya fi kusa da hannu a gidajenmu shi ne ya fi kisa. Kada ka yanko gidan sauro ka naɗe famfo da shi. Wanda ake rabawa a asibitoci yana ɗauke da maganin ƙwari, kuma irin wannan magani yana kashe kifi da ƙananan halittun ruwa ko da kaɗan ne ya shiga. Ragar taga ta ƙarfe za ta yi tsatsa a ruwan gishiri, wayar tagulla kuwa guba ce ga furen da murjani. Soson katifa da na wanke-wanke ma a bar su.

Bayan keji, sai ka nemi abin da ya tashe shi, domin furen da ya sami wurin da ya yi masa yakan daɗe bai gusa ba. Hawansa gilashi zuwa sama ya sa na fi zargin ƙarancin haske ko tsayawar ruwa da dare. Ka auna zafin ruwa, ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. Ka auna gishiri, ya kasance wajen 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. A busasshiyar iskarmu, musamman da hunturu, ruwa yana ƙafewa da sauri ya bar gishiri a baya, saboda haka a cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri, ba ruwan burtsatse kai tsaye ba. Idan irin nan ne mai kumburarrun kan yatsu, wanda asalinsa daga Bahar Maliya da tekunan Indiya da Fasifik ne, to yana son ya cusa ƙafarsa cikin kogon dutse mai duhu, fuskarsa kuma tana cikin haske, ruwa yana kaɗa shi a hankali ba yana dukansa kai tsaye ba. Ka shirya masa irin wannan wuri kusa da inda yake, ka bar shi ya sauko da kansa, kada ka ɓanɓaro shi da ƙarfi. Batun batir kuwa, famfon irin wannan tanki ba ya cin wuta mai yawa, gara ka ware masa ƙaramin batir nasa shi kaɗai, ko ka rage wani kayan wuta na gida da dare.

Idan Allah ya ƙaddara ka wayi gari ka same shi a cikin famfon, ka zare wuta nan take, kuma kada ka ja shi. Ka ɗauke famfon tare da shi ka sa a bokiti mai ruwan tankin, ka buɗe murfin a hankali, ka ba shi lokaci ya zame da kansa. Idan bakinsa da ƙafarsa ba su yage ba, sau da yawa yakan warke, yatsun ma su sake tsirowa. A tankin kuma ka kwashe gutsattsarin da raga, ka canza kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka sa sabon gawayin tace ruwa, ka riƙa auna amoniya kwana biyu zuwa uku. Wannan yana nufin tun yanzu ka ajiye haɗaɗɗen ruwan gishiri aƙalla lita 60 a jarkoki masu tsabta, domin daga ƙauyenku ba za ka sami gishirin tanki a ranar da kake buƙatarsa ba, kuma gishirin girki ba ya maye gurbinsa.