Tambaya da Amsa: In bari a rage wa Windows ɗina kaya don kare sirri?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar adashe ta 'yan kasuwa, kuma duk bayanan mutanenmu suna cikin laftof ɗina, sunaye, lambar asusu, BVN, har hoton NIN na wasu. Kwanaki na kalli wani bidiyo ana cewa wai Windows tana kwasar duk abin da mutum ke yi tana aika wa Microsoft, tun ranar hankalina bai kwanta ba don amanar mutane ce. Yaron da ke mana gyara ya ce akwai wani layin rubutu da zai liƙa a PowerShell, wato wurin rubuta wa Windows umarni, ya share duk kayan leƙen asirin, ya kashe ofdet da Defender, wato anti-bayros ɗin da ke zuwa da Windows, ko kuma ya ɗora min wata Windows mara nauyi da yake da ita a fulash. Ya riga ya ɗora wa ta gida wadda yara ke amfani da ita, kuma gaskiya ta ƙara sauri. In bari ya yi wa ta ƙungiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bari ya taɓa ta ƙungiya, ita ma ta gidan akwai magana a kanta, zan zo wurin.

Bidiyon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tun fitowar Windows 10 a 2015 ake wannan rigimar, Windows tana aika bayanai gida, kuma a nau'in Windows na Home da Pro ba ka da ikon kashe shi kwata-kwata, sai dai ka rage shi zuwa na dole, masu Enterprise da Education ne kawai aka ba wa makunnin kashewa duka. Na dolen nan shi ne irin injin da kake da shi, wace Windows ce a kai, ofdet ya hau ko bai hau ba, da makamantansu. Na zaɓi shi ne mai ɗan tsoro, don yana haɗawa da shafukan da ka shiga a burauzar Edge, kuma idan manhaja ta faɗi rahoton da ake aikawa zai iya ɗebo wani yanki na fayil ɗin da kake aiki a kai. Wannan kuwa da hannunka za ka kashe shi a Settings, ɓangaren Privacy, ƙarƙashin Diagnostics & feedback, minti biyu bai kai ba. A nan kusa za ka kashe lambar talla ma, wadda manhajoji ke bin ka da ita su nuna maka talla. Sannan ka leƙa OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, don in akwai hanyar da hotunan NIN ɗin nan za su bar kwamfutarka ba ka sani ba to ita ce, tana son kwashe Desktop da Documents zuwa sama in ka shiga da asusun Microsoft ka yi ta danna Next ba ka karanta ba.

Su kayan rage nauyin kuma ba duka ne na banza ba. O&O ShutUp10++ na wani kamfanin Jamus ne da aka sani, makunnai kawai yake jera maka, kowanne da bayaninsa, ka kunna ka kashe kuma kana iya mayarwa. WinUtil da Win11Debloat a buɗe suke a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu, kowa na iya karanta abin da aka rubuta. Ni kaina ina amfani da irinsu a kwamfutar gwaji. Amma ka san me ake nufi da liƙa layi a PowerShell da ikon admin? Cewa ka yi wa kwamfuta ta je intanet ta ɗauko duk abin da ke wannan adireshin a wannan lokacin ta aiwatar ba tambaya, harafi ɗaya aka canza a adireshin to wani gida ka je. A Afrilun 2022 an kama wani da ake kira Windows Toolbox, a GitHub ɗin nan yake zaune, yana alƙawarin rage wa Windows 11 kaya ya kuma sa maka Google Play, kuma yana yin abin da ya ce ɗin, shi ya sa mutane suka yi ta yabonsa, ashe a ɓoye yana janyo wani rubutu daga waje yana dasa mugun ƙari, wato extension, a burauza. CCleaner ma, mai share tarkacen kwamfuta da kowa ya sani, a 2017 ɓarayi suka shiga har inda ake haɗa shi suka sa guba, mutum sama da miliyan 2 suka sauke daga shafinsa na gaskiya. In mai suna da kamfani ya gamu da haka, ina ga fulash ɗin aljihun yaron gyara.

Amma abin da ya fi ƙona min rai a tambayarka shi ne maganar kashe ofdet da Defender, don wallahi kusan kullum sai na ji ta, wai su ne 'yan leƙen asirin, wai su ke cin data, wai su ke sa kwamfuta nauyi. Ban san wa ya fara koya wa masu gyara wannan karatun ba amma ya cuci jama'a. Ofdet toshe ɓaraka ne. Duk Talata ta biyu a wata Microsoft na fitar da gyaran ramukan da aka gano, kuma ranar da gyaran ya fito ranar ɓarayi ke zama su duba me aka gyara don su san inda za su bi su shiga wa waɗanda ba su ɗora ba. WannaCry, bayros mai kulle fayiloli da ta tsayar da asibitoci a Ingila, ta bazu ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017, an fitar da maganinta tun watan Maris, wata biyu cur, waɗanda ta kama mafi yawansu ba su ɗora ba ne kawai. To kai da ke riƙe da BVN ɗin mutane, wa ya fi kusa da cutar da kai, kamfanin da ke son sanin RAM nawa ke cikin injinka ko wanda ke son kalmar sirrin bankinka? An gudu daga gara an faɗa gidan zago kenan.

Kuma in ka bi diddigi, yawancin masu kashe Defender ba don sirrinka suke yi ba, don yana kama musu kayan fasa lasisin Office da Windows ne, ya goge musu, sai su kashe shi su huta, kai kuma a ce maka an cire ɗan leƙen asiri. Haba. Kwanakin baya wani ya kawo min kwamfutarsa, tokumbo ce mai kyau, wai Chrome na buɗe shafuka shi kaɗai. Na danna Windows Security, fari fat, ba komai, ba kashe shi aka yi ba, tumɓuke shi aka yi daga tushe. Na je wajen ofdet, maɓallin ma ba ya amsawa, na ƙarshe da ya hau ya fi shekara biyu. A burauza ga wani ƙari mara suna mara hoto da izinin karanta duk shafin da ya shiga, kuma da wannan injin yake tura kuɗi. Da na nuna masa sai ya ce ai mai gyaran cewa ya yi wannan Windows ɗin ta musamman ce ba ta kamuwa da bayros. Ba ta kamuwa ko ba wanda zai gaya maka ta kamu?

Ita Windows mara nauyin ta fulash ta fi layin PowerShell haɗari nesa ba kusa ba. Layin dai ana iya buɗe shi a karanta, ita kuwa wani da ba ka san sunansa ba ne ya buɗe cikinta ya cire ya ƙara ya rufe, shi kansa yaron naku saukowa ya yi daga Telegram ko wani shafi, bai san me ke ciki ba. A 2023 kamfanin tsaro na Doctor Web ya gano wasu kwafin Windows 10 na sata da aka ɓoye wa ɓarawo a ciki, in ka kwafi adireshin walat ɗin kirifto sai ya musanya da nasu kafin ka liƙa, sun kwashe kusan dala dubu 19 ta haka. Irin wannan ko ka sa anti-bayros daga baya ba lallai ya gani ba, tunda gidan da shi aka gina.

Na san kukan data gaskiya ne, ofdet na iya shanye maka giga biyu uku a dare ɗaya in kana kan hotspot. Maganinsa ka shiga saitin Wi-Fi ɗin ka kunna Metered connection don Windows ta rage jan data, ko ka dakatar da ofdet ɗin, ana ba ka har sati 5, ranar da ka samu data mai arha ka sake shi ya hau. Nauyi kuma, in injin RAM 4 ne da tsohon hadis mai juyawa, ba rubutun da zai mayar da shi sabo, sa SSD, wato hadis mai sauri mara juyawa, ka ƙara RAM zuwa 8 za ka sha mamaki. Tarkacen da suka zo da ita kamar wasanni da su Xbox, danna dama ka yi Uninstall, ka rage masu tashi da kansu a Task Manager. Masu sharewa da gayya su kan haɗa har da Store da WebView2 da wasu manhajoji ke dogaro da su, sai bayan wata guda wata manhaja ta ƙi buɗewa a rasa dalili. In har sai ka yi amfani da ɗaya daga cikin kayan can, to daga shafinsa na asali, ka ajiye restore point a System Restore tukun don ka iya mayar da injin yadda yake, ka tsaya kan waɗanda aka ce ba su da illa, duk makunnin da ya ambaci Update ko Defender ko SmartScreen mai gargaɗi kan mugun shafi da fayil ka tsallake shi. In kuma Windows 10 ce a kanta, an daina ba ta ofdet na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, in injin ba shi da TPM 2.0, ɓangaren tsaron da Windows 11 ke nema, gara ka bar Windows ka koma Linux Mint, wani tsarin kyauta mai maye gurbinta, a kan Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima.

Ta gidan kuma, tunda an riga an ɗora, kar a ƙara shiga banki ko imel da ita. Ka sami fulash mai giga 8, ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft kansa ta wata kwamfutar mai lafiya, ka kwashe hotuna da takardun yara kawai ban da manhajoji, a goge dukkan ɓangarorin hadis ɗin a ɗora sabuwa. Duk asusun da aka taɓa shiga a kanta tun ranar da yaron ya yi aikin, a canza kalmar sirrinsa ta waya, a kunna tabbaci mai mataki biyu, ka fara da Gmail ɗin da sauran ke rataye a kansa.