An Canza Injin Motar Da Na Yi Oda, Ina Mafita?

Tambaya: Na ba da kafin alƙalami a kan sabuwar mota mai injin lita 2.0 (ma'aunin girman inji ke nan). Bayan wata huɗu dillalin ya kira ni, wai kamfani ya daina ƙera wannan injin, mai lita 1.5 da turbo (na'urar ƙara wa inji ƙarfi) za a kawo. Zan iya tilasta musu su kawo wanda na zaɓa?

Amsa: Malam, ban ga takardunka ba, kuma dokar ciniki ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka riƙe maganata da wannan sharaɗin.

Tilastawar nan da ka sa rai da wuya ta yiwu. A cinikin kaya irin wannan, kotu ta fi karkata ga diyya ko mayar da kuɗi, ba kasafai take umartar a kawo kayan ba, balle injin da aka daina ƙerawa. Kuma galibi da dillali ka ƙulla ciniki, kamfanin da ya ƙera motar bai san da zamanka ba.

Juya bayan takardar odar, wurin ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa. Sau da yawa akwai sharaɗin da ya ba kamfani damar sauya fasalin mota kafin a miƙa ta, kuma shi dillalin zai fara nuna maka. Sai dai ana iya jayayya cewa sharaɗin ƙananan sauye-sauye yake nufi, irin yadin kujera ko zanen fitila. Injin kuwa shi ne motar. Idan an rubuta lita 2.0 ɓaro-ɓaro a takardar, mai yiwuwa kana da hujjar fasa cinikin a dawo maka da kuɗinka. Idan a takardar talla kawai ka gani, ko kuma da baki aka faɗa maka, hujjarka ta yi rauni ƙwarai.

Sanar da mutum irin wannan abu ta waya, bayan wata huɗu, bai dace ba. Ka nemi su rubuto maka. Kai ma ka amsa a rubuce cewa ba ka amince ba, ka ba su wa'adi.

Ni dai sulhu nake ba ka shawara: ko rangwame, ko wata motar mai irin injin da kake so, ko kuɗinka cif. Shari'a za ta iya cin abin da ya fi kafin alƙalamin, wataƙila ma takardar ta wajabta zuwa wurin mai shiga tsakani tukuna. Kafin nan kada ka karɓi makulli, kada ka sa hannu a sabuwar takarda, domin ana iya ɗaukar hakan a matsayin ka yarda da canjin.