Labari a kan sauyin yanayi: ina zan buga shi?

Malama, kin ce a labarinki jika ce ke tuhumar kakanta da ƙarar da itatuwan garinsu, kina tambayar yadda za ki buga. Ni dai kakan nan nake ji. Mutumin da ya sha farin 1973, ya sare itace don a tuƙa tuwo, ba shi ya ƙona kwal a Turai ba. Afirka kaf kusan kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya take fitarwa. Ki ba shi bakin kare kansa.

Bugawa kuwa, ki fara sakin babi kaɗan a Wattpad, wato dandalin intanet na sakin labarai, ki ji ra'ayi. Sannan ki karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki nemi maɗaba'a a Kano ko Zariya. Kwafi kaɗan tukuna, takarda ta yi tsada.