Amsa ga mai tambaya kan gasar waƙar gari

Wallahi ɗan'uwa, da na ga ka ce an watsar da waƙarka ta Katsina don ba ka cika ta da kirari ba, har kana shakkar sake shiga gasa, sai da raina ya sosu. Abin da aka yi mini ke nan.

Tawa a kan marinar Ƙofar Mata ta Kano na yi ta, ƙwar biyar, wato kowane baiti layi biyar. Na sa baba da toka da katsi, na sa hannun marini da shuni ya kama har cikin farce, na sa amon mabuga. Ran rerawa ina tsakiyar baiti, wani alƙali da tun da na fara yake danna waya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, waƙar Kano aka ce, ba waƙar rini ba." Aka kwashe da dariya. Wurin da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, wai ba Kano ba ne! Ko takardar bai buɗe ba, ina kallonta ƙarƙashin robar ruwansa ta jiƙe. Har yau in na hango shi a taro gaisuwa kawai nake yi, ita ma don darajar furfura.

Wanda ya zo na ɗaya kuwa, kirarin Kano ya jero, ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, Dala, Goron Dutse, sai ya rufe da yabon mai ɗaukar nauyin gasar. Karin ma a karye yake.

Ka sake shiga, amma ka nemi ƙa'idojin a rubuce, ka san su waye alƙalai. Kirarin Katsina ɗakin kara ɗin nan, ka ba su a ɗango ɗaya, wato layi guda, ba haramun ba ne, sannan ka wuce. Gobarau kowa zai ambata. Kai ka je wurin tsofaffin unguwarku su ba ka abin da babu a littafi. Kuma don Allah ka rera ta da ƙarfi a gida, kunne ke kama karyewar kari, ba ido ba.

Af, kada ka tura wa kowa ita a WhatsApp kafin a rufe karɓa. Na san wanda ya ji baitinsa a bakin wani, an sauya sunan garin kawai. Bayan gasar ka kawo ta nan mu ji.