Na karɓi hayar fili a bakin titin jirgi, an ce in tsayar da gini

Tambaya: Barista, ƙaramar hukumarmu ta ba ni hayar fili na shekara 25 a bayan katangar filin jirgin sama, ta ɓangaren da jirage ke sauka. Na biya, ina da rasit da takardar yarjejeniya. Na fara gina sito mai bene, har ya kai linta, sai ma'aikatan filin jirgi suka zo suka shafa jan fenti, suka ce in dakata. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, na tausaya maka, don gini ya kai linta ba ƙananan kuɗi ya ci ba. Amma ka sallami magina tukuna. Duk bulon da ka ɗora bayan jan fentin nan asararsa a wuyanka take.

Tambayar farko ita ce, filin na wane ne? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen cikin birni a hannun gwamna. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da fili ne kawai a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. Sashe na 49 kuma ya bar wa Gwamnatin Tarayya da hukumominta filayen da suke riƙe da su lokacin da dokar ta fara aiki, kuma sau da yawa iyakar filin jirgi ta wuce inda katanga ta tsaya. In wurin na FAAN ne, wato hukumar tarayya mai kula da filayen jiragen sama, ko yana cikin birni, to an ba ka hayar abin da mai bayarwar ba shi da iko a kansa.

Ko da filin na ƙaramar hukumar ne halak malak, samansa ba nata ba ne. A nan mutane suka fi faɗawa rami. Ƙa'idojin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, waɗanda Najeriya ke bi, sun tanadi fili na aƙalla mita 90, an kuma fi son 240, a gaba da gefen ƙarshen babban titin jirgi, saboda jirgin da ya zarce ya sami wurin tsayawa. Sannan akwai wani layi da ido ba ya gani, yana tashi daga kusa da bakin titin, mita ɗaya a kowace mita 50. Ka ga a tazarar mita 500, abin da ya haura mita 10 ya shiga hanyar jirgi. Ba bene kaɗai ake aunawa ba, har tankin ruwa da eriya. NCAA, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama a Najeriya, ita ce ke bayar da takardar izinin tsayin gini, kuma takardar haya ba ta maye gurbinta.

Ni ban ga zalunci a wannan ƙa'ida ba. Mutanen Kano ba su manta ranar 4 ga Mayu 2002 ba, da jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, mutum fiye da 100 suka rasu, har da waɗanda ke zaune a gidajensu.

Yanzu ka ɗauki safiyo mai rajista ya fitar da taswirar filin da tazararsa daga titin, a bincika a ma'aikatar ƙasa ta jiha wa ke da shi. In binciken ya nuna ƙaramar hukuma na da iko, nemi izinin NCAA da na hukumar tsara birane. Mai yiwuwa a hana bene a yarda da gini ƙasa-ƙasa, sai ka nemi a rage maka kuɗin haya. Kada dai ka mayar da wurin mahauta ko juji, don suna tara tsuntsaye, tsuntsu kuwa kan shiga injin jirgi.

In kuwa ƙaramar hukumar ba ta da iko, ko an hana gini ɗungurungum, ita za ka bi ta dawo maka da kuɗinka da abin da ka kashe, tunda ta karɓi kuɗi a kan abin da ba za ka mora ba. Diyyar da sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ya tanada ta mai halastaccen haƙƙin mallaka ce da gwamnati ta ƙwace don amfanin jama'a, kuma ginin da ba shi da izini da wuya a biya shi. Duba yarjejeniyar ma, ko an ɗora maka nauyin nemo izini, don hakan zai raunana ƙararka. A jihohi da yawa sai an ba ƙaramar hukuma sanarwa a rubuce kafin a kai ta kotu, saboda haka ka kai wa lauyanka yarjejeniyar da rasitai da hotunan ginin a wannan makon, ya rubuta musu.