Ɗaurin ƙaramin jirgi kafin hadari

Kai yaro tambayar da kayi min jiya da yamma muna cikin tattara kaya ban samu na amsa maka da kyau ba, wai Oga tunda mun danna waigi gaba da bayan taya kuma ga birki, me ya kawo wahalar igiya har uku a abin da ya kusa tan guda. Toh waigi maganin gangarawa ne, kamar dai yadda yaran mota ke yiwa tirela a kan tudu. Mu kuwa tashi muke tsoro.

Fiffike bai san bambancin jirgi ne ke gudu ko iska ce ke gudu ta kansa ba, shi dai iska ta bi ta samansa da ƙarfi sai ya ɗaga. Ɗauki Cessna 172, ba kowa a ciki nauyinta wajen kilo 750 ne, faɗin fukafukanta mita 11, kuma ko da cikakken lodi gudun kilomita 90 da 'yan kai a awa ya isa fiffiken ya riƙe ta a sama, to ina ga tana fayau ba mutum ba kaya? Kuma ƙarfin ba a hankali yake hawa ba, in gudun iska ya ninka biyu ɗagawar ninki huɗu take yi. Iskar da ke yaye kwanon gidaje a farkon damina ta isa ta kifa maka jirgi a bayansa.

Abin da yara irinku ke yawan kuskurewa shine inda za a juya hancin. Kana tsaye a fili a watan Mayu ko Yuni iska na kaɗowa a hankali daga kudu maso yamma sai ka juya jirgi can ka tafi gida, alhali hadarinmu na arewa daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa mai jan ƙura ita ce mai ɓarnar tun ruwa bai sauka ba. In ta doki jirgi ta baya ko ta gefe sai ta dinga buga rada, wato faifan wutsiya mai juya jirgi hagu da dama, da sauran maɓallan fiffike kamar ƙyauren da ba sakata. Shi yasa nake cewa ku fuskantar da hanci gabas in turakun filin sun bada dama, a zura fil ɗin kulle sitiyari, sannan kar ka manta a 172 wannan fil ɗin bai kama rada ba, ita sai an matse ta da katako mai soso ta waje. A ɗaura masa jan ƙyalle, dan wanda zai tashi da safe ya gani ya cire.

Igiyar kuma a zoben da kamfani ya yi dominta ake ɗaurawa, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike ɗaya a wutsiya. Kar na sake na ganka ka zagaya igiya a jikin ƙarfen da ke tokare fiffike, zata zame zuwa tsakiya ta lanƙwasa shi. Ta sauka a karkace, gaba kaɗan da waje kaɗan. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ce jirgi mai inji ɗaya kowane turke da igiyarsa su iya riƙe fam 3,000, wajen kilo 1,360 kenan, kaga igiyar shanya ta kasuwa bata cikin lissafi. Nailan muke so, amma ka dinga murza ta a hannu dan ranar nan tamu tana cinye ta, in kaga tana gari ko gashi ya tashi a jikinta jefar kawai. Igiyar rama da danginta in ta sha ruwa tsukewa take ta ja fiffike ƙasa, in dole ce ta sa ka amfani da ita ka bar mata sassauci kamar inci guda. Sassauci mai yawa shima masifa ne, jirgi zai ta tsalle yana fizga har zoben ya gaji.

Turken ma abin dubawa ne, wallahi na taɓa zuwa wani fili da asuba bayan ruwan dare, wani bawan Allah ya kafa rodi a ƙasa ya ɗaure jirginsa tamau, igiya sabuwa fil, ƙulli mai kyau, amma ƙasa ta jiƙe iska ta tuge rodin kamar ana cirar rogo, muka tarar da jirgi ya kwanta kan fiffike ɗaya rodin na reto a bakin igiya da laka a jikinsa. Zoben da aka binne cikin kankare shine turke. Taya da aka cika da siminti ko jarkar ruwa kuwa jirgin zai tashi da su ne ya maka a jikin na maƙwabci.

Sauran ƙananan ka sansu, cika tanki da mai dan ƙarin nauyi, rufe ƙofa da taga, kwashe tsani da durom da bokiti daga kusa. Birkin da kake taƙama da shi ni sakinsa nake in waigi ya zauna, dan zafin rana na kumbura man birki. In kuma akwai wuri a hanga, wato rumfar ajiye jirage, kuma mai gadi ya ce hadarin yau baƙi ne, tura shi ciki ka huta.

Gobe ka zo da guntun igiya kamu uku kafin a buɗe shago, zan nuna maka ƙullin da ake cewa bolin, wanda baya zargewa kuma baya ƙin kwancewa in ya sha ja. Wanda kayi shekaranjiya a wutsiyar farin jirgin nan ƙullin buhun masara ne, ni na kwance na sake.